Wa Ka Gayyata Wurin Bikinka?

Ya kai mai karatu, kai da ka ɗauki ɗanka ka kai shi makarantar ikilisiya, kana biyan kuɗinta da guminka, ina so ka sani yaron nan malamai biyu gare shi. Na ɗaya yana tsaye gaban allo, yana koya masa karatu da lissafi da katikizim, yana sa shi ya haddace dokoki goma da addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa. Na biyu kuwa kai ne, kai da uwarsa. Ba ku da allo, ba ku da alli, amma abin da kuka rubuta ba ya gogewa da sauri. Ranar da kuka fi koyarwa kuma, ko kun sani ko ba ku sani ba, ita ce ranar biki. Gama a sauran kwanaki yaro yana jin abin da kuka faɗa ne kawai, ran biki kuwa yana ganin abin da kuke girmamawa. Yana ganin wanda aka shimfiɗa wa tabarma da wanda aka bari tsaye a bakin zaure, yana ganin wanda aka zuba wa tsoka da wanda aka kankare wa ƙanzo.

Bari mu fara tuna inda makarantar nan ta fito, domin kada mu raina ta. Limaman Katolika na Ƙungiyar Mishan ta Afirka sun kafa mazauni a Shendam cikin 1907. A ƙasashen sarakuna kuwa Turawan mulki ba su bar masu mishan su shiga yadda suka ga dama ba. Saboda haka sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, baƙi suka taru a Sabon Gari, can ne majami'u suka sami wurin tsayawa. Cikin 1948 Sistocin St. Louis suka zo daga ƙasar Ailan suka sauka Kano domin aikin koyarwa, makarantarsu tana nan har wa yau, ta kuwa yaye 'ya'yan Kirista da 'ya'yan Musulmi masu yawa. Wajen gabas, dogon da aka ja daga Kano zuwa Nguru, wanda aka buɗe cikin 1930, ya ratsa ta Malam Madori, ya kawo fatake da ma'aikata daga nesa zuwa ƙasar Haɗeja. Cikin 1991, shekarar da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, a cikinta aka yanke yankin ikilisiyar Kano daga Kaduna, har ya zama dayosis cikin 1999. Katolikan Haɗeja da na Dutse da na Gumel duka a ƙarƙashin Bishop na Kano suke.

Me labarin nan yake nuna maka? Yana nuna maka kai kaɗan ne a tsakiyar masu yawa. Haɗeja tsohuwar masarauta ce ta Musulmi, gari mai jin kansa, wanda sarkinsa Muhammadu ya gwammace mutuwa a fagen yaƙi cikin 1906 da ya miƙa wuya ga Turawa. Maƙwabcinka na dama da na hagu ba za su karanta katikizim ɗin ɗanka ba, mafi yawansu kuwa ba za su taɓa leƙa majami'arka ba. Amma ran da hayaƙi ya tashi a tsakar gidanka, aka jera tukwane a kan murhu, dukan unguwa tana kallo.

Sai mu ɗauki bikin fari a ran mutum, watau na haihuwa. Bahaushe yana raɗa suna ran bakwai, ya yanka rago, ya raba goro. Ikilisiya kuwa ta umarci iyaye su nemi baftisma domin jariri cikin makonnin farko, su zaɓa masa uban baftisma ko uwar baftisma, ko su biyu, mutane masu bi da gaske, waɗanda suka kai shekara 16, aka kuma tabbatar da su. Babu faɗa tsakanin abubuwan nan biyu. Gidaje da yawa suna haɗa su, a yi addu'a da safe, a ci abinci da rana, wannan kuwa daidai ne. Amma ka duba yadda ake zaɓen uban baftisma yanzu. Sau da yawa ba a tambaya ko mutumin yana addu'a, sai dai ko yana da shago a kasuwa. Ana neman wanda zai kawo turmin atamfa da buhun shinkafa, an manta aikinsa shi ne ya tsaya wa yaron a kan hanyar Allah in iyaye sun kāsa ko sun mutu. Yayan jaririn, wanda yake aji huɗu, jiya jiya malami ya koya masa abin da uban baftisma yake nufi. Yau kuwa yana zaune a gindin turmi yana jin ku kuna lissafin wanda ya fi kuɗi. Wane darasi kake tsammani zai riƙe?

Ke uwa, ga magana dominki. Kin san al'adar nan ta ƙawaye da ake kira biki. Ƙawarki ta kawo miki abu ran sunan ɗanki, ke kuma ran nata ki mayar mata da ninkinsa, ita ma ta sake ninkawa, har abin ya kai inda ba mai iya ɗauka, sai a sasanta a sake farawa daga ƙasa, ko kuwa zumunci ya tsinke. Ban ce al'adar nan mugunta ce ba. Kakanninmu sun ƙago ta domin kada nauyin hidima ya faɗa kan mace ɗaya, 'yar'uwar adashi ce, ta kuwa rufa asirin gidaje ba iyaka. Amma tana da ƙofa ƙunƙunta: mai iya ramawa kaɗai ke shiga. Gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar ba ta da abin ninkawa, saboda haka a hankali sai ta daina zuwa, ku kuma ku daina aika mata goron gayya, ba domin ƙiyayya ba, sai domin ba ta cikin lissafi. A kan wannan fa Ubangiji Yesu ya yi magana, ran da wani babba cikin Farisiyawa ya kira shi cin abinci ran Asabar. Luka ya rubuta labarin a sura 14. Ya dubi maigidan ya gargaɗe shi a kan gayyar da ake yi wa masu iya ramawa kaɗai, gama wannan ciniki ne da aka riga aka biya. Ya nuna masa matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba su da abin da za su mayar, ya ce sakamakon kiran waɗannan yana wurin Allah. Bai hana ki ƙawayenki ba. Shi kansa yana da abokai a Betanya, yana cin abinci a gidansu. Abin da yake tambayarki shi ne, cikin kwanonin da kika jera, guda nawa ne kika san ba za su dawo da kome ba?

Yanzu sai mu zo ga ranar da ta fi kowace girma a makarantar Katolika, ranar da yara suke karɓar Jibin Ubangiji karo na fari. A dā akan jinkirta shi har yaro ya kai shekara goma sha biyu ko fiye. Cikin 1910 Paparoma Piyus na Goma ya yi umarni a bar yaro ya matso tun yana wajen shekara bakwai, muddin ya san bambanci tsakanin wannan gurasa da gurasar kasuwa. Nufinsa kuwa shi ne kada a tsare ƙanana a waje. Ashe mu da hannunmu mun sake gina shingen da ya rushe, ba da dokar shekaru ba, sai da farar riga. Ga sabuwar riga, ga lulluɓi, ga farin takalmi da safa, ga kyandir, ga mai hoto, ga ankon da iyaye mata suka fitar domin ranar. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne, amma in aka haɗa su sai su zama kuɗin buhu.

Ka tambayi kowane malamin katikizim, zai gaya maka abin da yakan faru. Yara sun yi watanni suna zuwa koyo, sun haddace amsoshi. Saura mako biyu ko uku, aka karanta jerin kayan da za a saya, sai wata yarinya ta daina zuwa, mai yiwuwa kuwa ita ce ta fi kowa ƙoƙari. In aka aika gida, uwar ta ce ba ta jin daɗin jikinta, ko ta ce a bari sai baɗi. Ba za ta ce babu kuɗi ba, gama kunya ta fi yunwa ciwo. Baɗi ta zo, yarinyar ta fi sauran tsawo, tana jin nauyin tsayawa cikin ƙanana, sai a sake cewa baɗi. Da haka akan rasa mutum, ba da gardamar addini ba, ba da tsanani ba, sai da yadi uku na farin ƙyalle.

Ka sani fa babu wata doka ta ikilisiya da ta ce sai da sabuwar riga. Abin da kundin dokokinta na 1983 ya shar'anta shi ne kishiyar wannan: kada a hana mabukaci sakramenti saboda talauci. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga mutanen Korinti, sura 11, ya tsawata musu da zafi domin suna taruwa cin Jibin Ubangiji, wani ya ƙoshi har ya bugu, wani yana zaune da yunwa. A ganinsa taron da yake kunyata marasa abu ya riga ya ɓata jibin da aka taru dominsa. To, maganin ba shi da wuya. Zumuntar Mata Katolika tana iya ajiye akwati ɗaya na fararen riguna, kowace uwa da ɗanta ya gama ta wanke tasa ta goge ta kawo, a riƙa ba da aro a asirce, kada a kira suna a gaban jama'a. Ko kuwa Fada da shugaban makaranta su yanke dukan yara su matso da kayan makarantarsu, wankakku, babu mai fin wani. A ganina wannan na biyu ya fi, gama aro ko a asirce ne yara suna gane shi. Na sani waɗansu iyaye za su yi gunaguni, su ce an rage wa ranar kwarjini. Sai a tambaye su, kwarjinin wa?

Kada ka ji wannan ka ce ana so a yi biki da fuska a murtuke. Ko kaɗan. Alama ta fari da Ubangiji ya yi, a wurin bikin aure ya yi ta, a Kana ta Galili, dalilinta kuwa shi ne kada ango da amarya su ji kunya a gaban baƙinsu. Ka dafa tuwon shinkafa da miyar taushe, a soya waina, a kawo tarwaɗa da karfasa daga kasuwar kifi, yara su sha zoɓo su yi rawa har ƙura ta tashi. Murna ba zunubi ba ce. Abin tambaya shi ne, da kuɗin wa aka yi ta?

Kai da kake zaune a bakin kogin nan ka fi kowa sanin rashin tabbas na dukiya. Ruwan da ya taso daga kogin Kano da na Challawa, ya wuce Wudil da Ringim kafin ya iso gare ku, shi ne arzikinku, shi ne kuma fargabarku. Tun da aka datse shi a Tiga cikin 1974, aka kuma datse a Challawa cikin 1992, tafiyarsa ta sāke. Kachala ta tsiro ta toshe hanyoyinsa, har wani wuri ya bushe, wani kuwa ruwa ya kwanta bai tashi ba. Cikin 2020, da kuma 2022, ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da kewayensu, mutanen da suka kwanta da shinkafa tana shirin nuna suka tashi ba su ga ko kan zangarniya ba. Duk da haka sai ka ga mai bi ya tafi wurin ɗan kasuwa tun damina, ya ci bashi a kan shinkafar da take cikin ruwa tukuna, domin sunan da za a yi ko auren da aka sa. Ya sayar da abin da Allah bai riga ya ba shi ba. Kirsimeti kuma tana zuwa a lokacin da rumbu yake cike, hannu yana da ɗan abu, zuciya tana cewa kashe. Amma bayan mako biyu za a buɗe makaranta. Yaron da ya sa sabuwar shadda ran 25 ga Disamba, shi ne za a koro gida cikin Janairu saboda kuɗin zango, ya zauna a ƙofar gida cikin hunturu yana kallon 'yan'uwansa suna wucewa da jaka. Ka cire kuɗin makaranta tukuna ka ba uwargida ta ɓoye, abin da ya saura shi ne girman bikinka. In kaza ce, to, kaza ce.

Haka kuma a bikin godiya na kaka da akan yi a filin makaranta. Kyakkyawan abu ne manomi ya kawo damin fari, masunci ya kawo kifinsa, mai lambu ya kawo kwandon tattasai gaban Allah. Amma in aka juya ranar ta zama gwanjo, ana shelar sunan wanda ya sayi kaza da kuɗin rago, ana tafa masa, ka tuna a layin gaba yara ne suke zaune, a cikinsu kuwa akwai ɗan wanda ya kawo mudu ɗaya.

Saura maganar maƙwabci, ita ce kuwa ta fi bukatar hankali. Ikilisiyar Katolika, a babban taronta na Batikan na biyu, ta bayyana cikin 1965 cewa tana duban Musulmi da girmamawa, su da suke bauta wa Allah ɗaya, suna girmama Yesu da uwarsa Maryamu, suna riƙe da salla da sadaka da azumi. Ta roƙi ɓangarorin biyu su bar tsohuwar gaba su nemi fahimtar juna. Manyan malamai ne suka rubuta wannan a Roma, amma a Haɗeja kwano ne yake cika shi. Tun dā al'ada ce a ƙasar Hausa, ran Salla kwano ya ƙetare katanga zuwa gidan Kirista, ran Kirsimeti ya ƙetaro zuwa gidan Musulmi. Inda al'adar nan ta mutu, ka bincika, za ka tarar zargi ya riga ya shiga.

Amma aika kwano yana da ladabinsa. Kyautar da mutum zai karɓa da hannu, ya juya ya zubar a bayan gida domin zuciyarsa ba ta natsu ba, ba kyauta ba ce, nauyi ka ɗora masa. Saboda haka masu hikima cikin masu bi sukan kira mahauci Musulmi ya yanka musu dabbar biki, su kuma bari a san shi ya yanka. Ba ka rage kome daga bangaskiyarka da wannan ba. Bulus ya koya mana a kan abinci cewa mai 'yanci yakan bar abin da ya halatta gare shi saboda lamirin wani. Tukunyar da ta taɓa naman alade kada ta kusaci abincin maƙwabci. Giya kuwa, ko ba ka tuna da dokar ƙasar da kake zaune ba, ka tuna da ɗanka: uban da aka ɗauke shi ranga-ranga ran baftismar 'yarsa ya rushe koyarwar shekara guda cikin yamma ɗaya. In kun ɗauko lasifika, ku kashe ta sa'ad da aka kira salla, minti kaɗan ne. In naman layya ya zo gidanka, ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka yi musu barka da Salla.

A makaranta ma haka. Inda iyaye Musulmi suka amince suka kawo 'ya'yansu, amana ce suka ba da. Ran wasan Kirsimeti ko ran rufe makaranta, kada malami ya tilasta wa yaron nan ya faɗi abin da gidansu ba su yarda da shi ba, kada kuma a bar shi a gefe sa'ad da ake rabon cincin da alewa. Ka gaya wa ɗanka wannan da bakinka, gama shi ne yake zaune da yaron a benci ɗaya. Su ne za su girma tare. Sa'ad da kogi ya cika cikin Agusta da Satumba, mutanen gari suka fita da dare suna cika buhuna da ƙasa domin tare jinga, ba wanda yake tambayar mai miƙo masa buhu inda yake sujada.

Ka lura da lokaci kuma. Watan azumin Musulmi yana matsowa baya da wajen kwana 11 kowace shekara, saboda haka yakan haɗu da namu. Cikin 2025 sun kama azumi a farkon Maris, mu kuma muka shafa toka ran 5 ga watan. Cikin 2023 da 2024 kuwa idin tashin Almasihu daga matattu ya faɗo a tsakiyar Ramadan, ran 9 ga Afrilu da ran 31 ga Maris. A irin wannan shekara, mai aika abinci da tsakar rana ya nuna bai san halin da maƙwabcinsa yake ciki ba. Ka jira rana ta yi ƙasa, a zuba da zafinsa gab da shan ruwa.

Kada ka aiki ɗan aike, kada kuma ka kai da kanka. Ɗan makarantar nan naka shi za ka ɗora wa kwanon a kā. Ka koya masa ya yi sallama a zaure, ya jira a amsa, ya durƙusa ya gai da maigidan, ya ce, "Baba, in ji babana, ga wannan a taya mu murna." In an sa masa albarka ya ce amin. Daga can ya dawo ya ɗauki na biyu, ya kai gidan gwauruwar nan da aka daina gayyata, ya gaishe ta kamar yadda ya gai da na farko, ya ce, "Inna, in ji mamata, gobe ma tana nan tafe." Kwanon farko mai yiwuwa ya dawo da dabino ko ƙosai a ciki, sai a raba wa yara. Na biyu zai dawo wankakke, ba kome cikinsa. Ki karɓa ki kife shi tare da sauran, kada ki ce kome a kansa a gaban yaron.